Kaset Ɗinki Bai Ɓata Ba, Yaya

Zuwa ga Yayata Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Baba da Umma da Kaka duk suna gaishe ki. Ina gaida ƙawayenki na ɗaki, don kin taɓa gaya mini cewa a makarantarku ta koyon aikin jinya ba a karanta wasiƙa a ɓoye, wadda ta fi tsawon hannu ita take fara karantawa. To, wadda take riƙe da takardar nan yanzu, don Allah ki miƙa wa Yayata. In ba za ki miƙa ba, ki karanta a hankali.

Yaya, akwai maganar da ban gaya wa kowa ba. Kaset ɗinki bai ɓata ba. Yana wurina tun ranar da kika koma Zariya.

Na san wasiƙa uku kika aiko a kansa. Na san littafin da kika karanta a ciki na aro ne, mai shi ta gama makaranta ta tafi da abinta, kuma jarrabawarku ta ƙasusuwa saura mako uku. Duk na sani, don ni Umma take sa in karanta mata wasiƙun. Ranar da aka zazzage ɗakinmu ana nema, ni na fi kowa ɗaga katifa. Har Umma ta sa mini albarka. Alhali yana cikin rigar filona, kuma sau biyu ana ɗaga filon ana ajiyewa.

Kafin ki yi fushi, ki bari in faɗi yadda abin ya faro, don ke ma kina da hannu a ciki.

Kafin dogon hutun nan naku, barcina nake yi lafiya. Sai kika zo da littafin nan mai kauri, kika ce kwafarsa da biro zai cinye miki yatsu, gara ki karanta shi a kaset. Kika ɗauko tsohuwar rikodar Baba, wadda ya bar mana tun da ya sayi sabuwar rediyo don jin yadda soja za su miƙa mulki. Kullum kina zaune a bakin gado, ga littafi a cinya, ga kwanon gyaɗa a gefe. In kin gama ɗauka ki kunna ki saurara, in kin gama saurare ki maimaita da baki. Kina farawa daga ƙoƙon kai ki gangaro. Ni kuwa ina kwance na juya wa bango fuska. Ban taɓa jin kin wuce haƙarƙari ba, barci ya ɗauke ni. Wata huɗu kika yi kina karatu a kaina, kika lalata mini kunne.

Ranar tafiyarki na ga kaset ɗin a cikin rikoda, kin manta. Wallahi na yi niyyar kiran ki. Amma kin san ni da buɗe baki. Kafin maganar ta taso daga ciki ta iso harshe, ɗan acaɓa ya kai ki bakin titi.

Na ce ba komai, gobe zan gaya wa Umma a aika miki. Sai dare ya yi, ɗakin ya yi shiru. Ban taɓa sanin shiru yana da ƙara ba sai ranar. Ina jin haɗiyar yawuna, ina jin ƙadangare yana gyara kwanciya a silin. Na ƙirga kwanon rufi, na karanta duk addu'ar da na iya, na koma na sake. Da safe a aji malamin lissafi ya tashe ni tsaye don ina gyangyaɗi, duk 'yan aji ɗaya suka juyo suna kallona. Na gwammace a yi mini bulala a ɓoye da wannan kallon.

Ban taɓa kaset ɗinki nan da nan ba, ki shaida. Na fara gwada fanka. Tana da daɗin ƙara, amma da zarar idona ya fara nauyi sai a ɗauke wuta. Na koma jiran janaretan gidan Alhaji na bayanmu, shi ma kwana biyu ya yi ya tsaya, an ce babu mai. Na ɗan buɗe famfon tsakar gida yana ɗiga a bokiti. Wannan ya kusa yi, sai dai sau huɗu na fita banɗaki, da safe kuma Umma ta yi ta faɗa tana neman wanda bai iya rufe famfo ba.

Har jawabin 'yan siyasa na gwada. Yanzu tun da farar hula suka hau, rediyon Baba ba ta hutawa. Yana dawowa daga sakatariya zai shimfiɗa tabarma ya ce bari ya ji wa aka naɗa, wa aka sauke. Na lura ba ya kai minti goma yake fara minshari. Na ce ashe ga magani a gida. Na matso kusa da taga ina saurare. Gaskiya mutanen nan sun iya sa barci, matsalarsu ɗaya, tafi. Kina cikin lumshe ido sai a ɓarke da tafi kamar an zubar da kwanuka.

A kwana na biyar na danna rikodar. Kika ce, “To, bismillah, ƙasusuwan kai,” kika tauna gyaɗa. Yaya, ban san lokacin da gari ya waye ba.

Washegari na ce yau ɗaya kawai zan ƙara. Haka na yi ta cewa har wata biyu. Da wasiƙarki ta farko ta zo, kunya ta hana ni magana. Da ta biyu ta zo, kunyar rashin magana a ta farko ta hana ni. Ta uku kuwa ina karanta wa Umma muryata tana rawa, ta ce, “Allah sarki, kewar yayarta take yi.”

Inda kaset ya tsaya jiya, nan nake tashi yau, in ya ƙare in juya shi. Da haka na zagaye jikin mutum ban san sau nawa ba. Ban san ma'anar Turancin ba, amma ya zauna mini kamar haddar Islamiyya, har da inda kike tari da inda kike cewa, “Kai, wannan suna.” Na kuma gano cewa ba kowace murya take sa barci ba. Sai wadda ba ta hawa ba ta sauka, kuma ba ta neman a ba ta amsa. Kada ki ji haushi, amma taki ta fi ta kowa.

Matsalar batir ce ta tona rabin asirin. In babu wuta sai da batir, ni kuwa ba ni da kuɗin sabo. Waɗanda Baba ya cire daga rediyonsa nake tsincewa in shanya a rana. Kin san in batir ya yi sanyi kaset jan jiki yake yi. Muryarki sai ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta koma ta wani ƙaton namiji mai mura. Ni ban damu ba, hasali ma ta fi saurin sa barci.

Ran wata Talata na dawo daga makaranta a gajiye, na ce bari in ɗan kwanta kafin Islamiyya. Na sa rikodar a ƙarƙashin filo, na ja zani na rufe har kai. Ashe Kaka ta shigo neman almakashi. Abin da ta tarar shi ne jikarta a lulluɓe da tsakar rana, ƙatuwar muryar namiji tana fitowa daga wajen kanta tana cewa, “Fiii-mooo. Faaa-teee-llaaa.” Ni kuma, in ji ta, ina amsawa daga cikin barci da 'yar siririyar murya, “Tibiya. Fibula.”

Salatinta ne ya tashe ni. Na lalubi rikodar a ƙarƙashin filo na danna abin da yatsana ya samu. Muryar ta ɗauke. Na runtse ido na yi kamar ina barci, don ban ga wata hanyar ba.

Kaka ba ta gudu ba, kin san ta. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a kaina, ta fara yi wa mai muryar magana. “Kai bawan Allah, ko wane ne kai, me yarinyar nan ta tsare maka? Yarinyar da ko gaisuwarta sai an kasa kunne ake ji. Ga masu surutu nan cike da unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, ka rasa wadda za ka hau sai wannan?” Ta tsaya tana jiran amsa. Da ba ta samu ba ta sassauta. “In yunwa ce ta kawo ka, ka faɗa, akwai sauran dambu. Ka ci ka kama gabanka.” Daga nan ta koma faɗa, daga faɗa ta koma addu'a tana tofa mini. Ina kwance na rasa dariya zan yi ko kuka.

Washegari da la'asar aka kirawo Malam Sule daga Daurawa. Aka zaunar da ni a tsakar gida, ga Baba, ga Umma, ga Kaka. Malam ya ce, “Yarinya, yaya sunanki?” Kin san ko a hanya na gamu da shi ba na iya ɗaga kai, balle an kewaye ni. Na yi shiru. Kaka ta ce, “Ka gani ko, Malam? Sun riƙe mata harshe.” Umma ta ce, “Inna, ai haka take tun tana goye.” Kaka ta ce, “To tun tana goye suke tare.”

Malam ya tambaya ko an ji sunayensu. Kaka ta ƙirga a yatsu. “Su huɗu ne. Mata uku, Tibiya da Fibula da Fatella. Sai babbansu mai muryar nan, Fimo.” Malam ya shafa gemu. Ya ce, “Hajiya, na tsufa a wannan aiki, ban taɓa cin karo da waɗannan sunaye ba. Wataƙila baƙi ne.” Baba ya ce, “Ai tun da soja suka koma bariki kowa ya samu bakin magana, har su.” Umma ta harare shi.

Ana cikin haka Anti Salame ta gidan kusa ta yi sallama. Daga asibiti take, ko farin kayanta ba ta cire ba, ta biyo ta auna jinin Kaka kamar yadda take yi duk mako. Ta ga taro ta tambayi lafiya. Kaka ta sake ƙirga mata sunayen. Anti ta ajiye jakarta, ta nemi turmi ta zauna a kai, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi sai ta matso ta dafa gwiwar Kaka. Ta ce, “Hajiya, ga Fatella nan. A kanta nake shafa miki man zafi duk zuwana. Tibiya tana ƙasa da ita, Fibula tana gefe, Fimo kuma ga shi nan a cinya. Karatun Balaraba ne ya zauna wa yarinya a ka.”

Kaka ta daɗe tana kallon gwiwarta. Can ta ce, “Ashe ita ce take hana ni tashi daga sujada. To wallahi ba ta da kirki.”

Malam ya yi dariya har ya cire hula ya mayar. Ya yi mana addu'a, ya sha kunu, ya tafi. Amma Kaka ba ta saki maganar ba. Ta ce to sunaye an gane su, muryar namijin fa? Anti ta ce wataƙila rediyon maƙwabta ce. Kowa ya juyo ya kalle ni. Na kalli ƙasa. Ranar ce kaɗai a rayuwata kunya ta yi mini amfani.

Yanzu ga wurin da ya fi wuyar faɗa. Da aka kawo wuta na kunna kaset ɗin. Kina gama Fibula sai na ji ƙarar kujera, sai muryar Kaka tana cewa, “Kai bawan Allah.” Ashe jan madannin nan na haɗa na danna, na ɗaukar magana. Daga idon sawu har yatsun ƙafa, kusan minti goma, duk ya goge. Inda ya kamata ki yi bayanin ƙashin dunduniya, Kaka ce take tallan dambu.

Na zauna a bakin gadonki na yi kuka mai isata. Na ɓoye miki abu wata biyu, ga shi kuma na yanke masa ƙafa. Na yi tunanin in jefa shi a kwata in huta, ya zama ya ɓata da gaske. Sai na tuna ke za ki shiga ɗakin jarrabawa, a tambaye ki ƙafa.

Ina cikin kukan na ji bakina yana ci gaba daga inda kika tsaya. Talus. Kalkeniyos. Nabikula. Har da bayanin da ke tsakaninsu. Na bi shi har ƙaramin yatsa ban yi tuntuɓe ba.

Duk da haka ban yarda da kaina ba. Da Umma ta aike ni kai wa Anti Salame tuwo, na tsaya a bakin ƙofa na ƙi tafiya. Ta ce, “Zulai, akwai magana ne?” Na ce ina so ta ji mini wani karatu. Na juya wa bango fuska, don ba zan iya ina kallon ta ba, na karanto mata tun daga idon sawu. Da na juyo ta ajiye cokali. Wuri ɗaya kawai ta gyara mini. Akwai wasu ƙasusuwa uku da nake ce wa “kunun fam”. Ta ce kuniyifom ne. Laifinki ne wannan, gyaɗa ce a bakinki lokacin. Ta tambaye ni ajina nawa, na ce ɗaya na sakandare. Ta ce, “Hm.” Ni kuwa na gudo.

Ran Asabar da hantsi aka kawo wuta. Na ɗauki rikodar na shige sito na rufe ƙofa, na zauna a kan buhun masara. Na juya kaset ɗin da biro har daidai wurin. Karo na farko da na saurara, ba abin da ya fito sai injin markaɗen gidan Ladi, da wani abu kamar sauro a bayansa. Sauron ni ce. Karo na biyu ina tsakiyar dunduniya Umma ta ƙwala mini kira, ya shiga. Karo na uku na rufe ido, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba tun da aka haife ni. Da na fito Umma ta ce, “Wace baƙuwa muka yi a sito?” Na ce karatu nake yi. Ta bi ni da kallo har na shige ɗaki.

Saboda haka in kin zo ƙafa za ki ji murya ta canza. Ni ce. Kada ki kunna wurin a gaban ƙawayenki. In kuma sun riga sun karanta wannan, to don Allah ku yi dariyar a hankali, ina ji a jikina daga nan.

Da yake ni ba na tari kuma ba na cin gyaɗa, na gama kafin wurin ya cika, ya rage kamar minti biyu na maganar Kaka. Faɗan da dambun duk na hau kansu, addu'ar ce ta rage. Na sa yatsa zan goge ta, sai na tsaya na saurara. Bayan ta gama da ni ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi. Ta ce, “Da wadda take Zariya, Allah ka buɗe mata ƙwaƙwalwa, ka sa ta fi malamanta, ka dawo mana da ita da ƙibarta.” Ba ta san ana ɗauka ba. Na bar miki. Tana nan daf da ƙarshe, bayan yatsun ƙafa.

Yaya, ina kewarki. Ban iya faɗa a baki ba ko da kina nan. Gadonki yana nan yadda kika bar shi, ba na yarda a ɗora wanki a kai. Wani lokaci in na kunna kaset ɗin ba don barci ba ne, don in ji kin ce “Kai, wannan suna” ne kawai. Ki yafe mini wata biyun da na ci miki. In za ki gaya wa Umma, ki bari sai kin gama jarrabawa, kada faɗan ya raba miki hankali.

Kaset ɗin yana cikin saƙon da Umma ta haɗa miki, wanda direban nan na Tarauni zai kawo gobe. Na naɗe shi a leda biyu na tura cikin garin kunu. Ki tona a hankali, kada ki sa cokali.

Jiya na je wurin mai kaset na bakin titi, wanda yake kwafa wa mutane wa'azi. Na san zai iya kwafa mini nawa na kaina kafin in ƙirga ɗari. Na tsaya a gaban teburinsa da kaset ɗin a hannu har ya ce, “'Yammata, me za a sa miki?” Wannan karon ba kunya ce ta hana ni magana ba. Na ga in na kwafa, gobe ma ina nan da filo a kan rikoda ina kasa kunne kada a shigo. Na ce masa ba komai, na dawo gida.

Da na dawo na naɗe shimfiɗata na kai ɗakin Kaka. Ba wanda ya ce in yi, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili. Tun ranar Talatar nan ita ma ba ta barcin kirki, tana sauraron ko mai muryar zai dawo. Da na kwanta ta ce, “Zulai, kirawo mini mutanen nan naki mu ji.” Na fara daga ƙoƙon kai. Ina isa kafaɗa ta fara minshari, irin mai tafiya daidai, ba hawa ba sauka. Ban san inda ni na tsaya ba. A can zan ci gaba da kwana.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa. Allah ya sa duk ƙashin da aka tambaye ki ya zo miki a kan harshe, na kai da na ƙafa. Allah ya ba ki barci mai daɗi a inda kike, ya tashe ki a kan lokaci, ya tsare mana ke a hanya ranar da za ki dawo. Amin.

Ni ce ƙanwarki mai laifi,
Zulai